Daga Frank Spencer zuwa Samanja: abin da ya kamata ku sani game da talabijin ɗin da

Duk wanda ya ba shekara arba'in da biyar baya, kuma ya taɓa zama gaban akwatin talabijin yana yaro a Kontagora ko Minna ko Kaduna, akwai sunayen da in ka ambata masa sai ka ga fuskarsa ta washe. Akwai Frank Spencer, mutumin da ba ya taɓa abu ya bar shi lafiya. Akwai Mista Brown da ajinsa na baƙi masu koyon Turanci. Akwai kuma Dakta Who da akwatinsa shuɗi mai ratsa zamunna. Duk daga Ingila suka zo, don mutanen Landan da Manchesta aka shirya su, amma suka yi masoya a nan. A garuruwa irin su Kaboji, inda akwatin bai iso da wuri ba, labarinsu ya riga hotonsu zuwa. Ɗalibin da ya dawo hutu, ko sojan da ya zo ganin gida, ko direban da ya kwana a birni, shi zai miƙe ya kwaikwayi abin da ya gani, majalisa ta kwashe da dariya.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da gaskiya a ciki, amma tuna waɗannan shirye-shirye yana da amfanin da ya wuce kewa. In muka bi sawunsu za mu ga yadda talabijin ya kafu a Arewa, da yadda 'yan wasanmu suka tashi kafaɗa da kafaɗa da su. Za mu kuma ga wani abu mai ɗaga hankali: masu su sun biyo sawu har Jos sun karɓi abin da ya ɓace musu, mu kuwa namu yana can yana lalacewa a ɗakunan ajiya.

Kafin akwati akwai rediyo da majigi

Mutumin karkara a Arewa bai fara ganin hoto mai motsi a talabijin ba. A majigi ya fara gani. Tun a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai don ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Najeriya. Mota ce ke shigowa gari da injin wuta da farin allo, a kafa a ƙofar fada ko filin makaranta, bayan magariba a nuna yadda ake tsaftace rijiya, ko rigakafi, ko noman auduga da gyaɗa, wani kuma yana fassarawa da lasifika. Dattawa da yawa har yau suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noma.

Rediyo kuwa shi ne abokin kowa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye ranar 13 ga Maris 1957, kuma tun daga nan muryar Landan ta zama sananniya a zaure da gona da kasuwa. Saboda haka lokacin da talabijin ya zo da wasannin Ingila, ya tarar da mutanen da suka riga suka saba da abubuwa biyu: kallo a cikin taro, da jin abin da ya fito daga Landan.

Yaushe talabijin ya iso Arewa?

Tashar talabijin ta farko a Najeriya a Ibadan aka buɗe ta, ranar 31 ga Oktoba 1959, lokacin Cif Obafemi Awolowo yana Firimiyan Yamma. Inugu ta biyo baya a 1960. Gwamnatin Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta buɗe tata a Kaduna a watan Maris 1962, wato gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Abin lura shi ne, ba ita kaɗai ta kafa kamfanin ba. Ta haɗa hannu da kamfanoni biyu na Ingila, Granada mai gidan talabijin a Manchesta da EMI mai ƙera na'urori. Kenan tun daga ranar farko, kayan aiki da horo da tsarin shirye-shirye suna da igiya da Ingila.

Shekaru goma sha biyu na farko, talabijin abin 'yan birni ne, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da Turawa. Abin ya sauya a tsakiyar shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975, da yawa suka sayi babur da rediyo da akwatin talabijin. Jihohi suka shiga buɗe tashoshinsu. Ta Jihar Binuwai da Filato da ke Jos ita ta fara watsa hoto mai kala a ƙasar nan.

Ƙasar Kontagora a wannan lokaci tana cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, har zuwa ranar 3 ga Fabrairu 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja da hedikwata a Minna. Shekara ɗaya bayan haka, da dokar soja mai lamba 24 ta 1977, gwamnatin tarayya ta haɗe dukan tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, wadda muka sani da NTA, aka kuma ɗauki aniyar kowane babban birnin jiha ya sami tasha. Ta haka Minna ta sami tata.

Me ya sa shirye-shiryen Ingila suka yi yawa?

Dalili na farko kuɗi ne. Shirya wasan kwaikwayo na rabin awa yana buƙatar marubuci da 'yan wasa da ɗakin ɗauka da masu kyamara da kwanaki na aiki. Sayen wanda aka riga aka gama a Landan, wanda ya riga ya mayar da kuɗinsa a can, bai kai kusa da haka tsada ba. Sabuwar tasha kuwa tana da awoyi da yawa da dole ta cika kowane dare.

Dalili na biyu sabo ne. Ma'aikatan farko da dama a hannun Turawan Ingila suka koyi aikin, wasu ma a can aka tura su kwas. Turancin da ake koyarwa a makarantunmu na Ingila ne, jarrabawarmu ma da tasu aka auna ta. Barkwancin da ya shafi malami da hedimasta, ko ɗan sanda, ko akawun ofis mai tsaurin kai, bai yi wa ɗan boko baƙunta ba.

Dalili na uku shi ne yadda ake rarraba su, kuma wannan ya kamata mai karatu ya riƙe shi don abin da zai zo a gaba. A wancan zamani ba a aika shiri ta tauraron ɗan'adam. Ana kwafe shi ne a kan fim mai faɗin milimita 16, a zuba a gwangwani mai faɗi, a saka a jirgi. Don rage tsada, kwafi ɗaya ke zagaya ƙasashe. In tashar Ostireliya ko Singafo ko Hong Kong ta gama nunawa, sai a umarce ta ta tura wa ta gaba, kamar yadda turmi guda ke zagaya gidajen unguwa. Tashar da ta karɓa a ƙarshe, ƙa'ida ita ce ta mayar wa masu shi ko ta lalata shi. Tashoshin Najeriya sukan kasance a can ƙarshen layi.

Yadda ake kallo a lokacin

Matashin yau mai waya a hannu zai yi wuya ya gane yadda kallo yake a da. Tasha ɗaya ce. Ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma a ranakun aiki, da taken ƙasa, ta kuma rufe kusan tsakar dare. Shirin yara ne ke fara zuwa, sai labarai da Hausa, sai wasan kwaikwayo, ƙarfe tara kuma labaran ƙasa daga Legas. Wanda ya rasa kashin wannan mako ya rasa shi ke nan, sai dai a ba shi labari.

Akwatin da aka fi samu baƙi da fari ne. Wasu manya suna da ƙofofin katako da ake zugewa a kulle. A wuraren da ke nesa da tasha, sai an ɗaura eriya a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, wani yaro ya fita yana juya ta, na cikin ɗaki suna ce masa "ƙara kaɗan" har hoto ya fito. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, amma ƙauyukanta da yawa sun daɗe ba su ga wutar ba. A irin waɗannan wurare batirin mota ake haɗa wa ƙaramin akwati, in ya yi sanyi a kai shi caji gari.

Gidan da ke da akwati kuwa ba na mai shi kaɗai ba ne. Yaran unguwa za su cika tsakar gida ko su maƙale a taga. Wani wuri sai an wanke ƙafa kafin a shiga, wani wuri a fito da akwatin waje a ɗora a kan tebur. Mai jin Turanci shi ne tafinta, kuma sau da yawa fassararsa ta fi asalin maganar ban dariya. Wannan zama tare rabin abin da mutane ke kewa ne in sun tuna zamanin.

Waɗanda aka fi tunawa

*Some Mothers Do 'Ave 'Em* na BBC ne, an yi shi tsakanin 1973 da 1978. Michael Crawford ne ya fito a matsayin Frank Spencer, mai hular nan da doguwar rigar ruwa, Michele Dotrice kuma matarsa Betty mai haƙuri. Frank mutumin kirki ne mai son ya yi daidai, amma duk aikin da ya kama sai an kore shi, duk gyaran da ya yi sai gida ya kusa rushewa. Crawford da kansa yake yin faɗuwa da lilo da sauran abubuwan haɗari da ake gani. Ba ka buƙatar Turanci kafin ka yi dariya, shi ya sa ya ratsa ko'ina.

*Mind Your Language* ya fara a 1977 a tashar ITV. Barry Evans ne Mista Brown, malamin da ke koya wa manya Turanci a makarantar dare a Landan, ƙarƙashin shugabar makaranta mai tsanani, Mis Courtney. Ɗalibansa daga ƙasashe daban-daban suke: Ali daga Pakistan, Ranjeet da Jamila daga Indiya, Giovanni daga Italiya, Anna daga Jamus, Juan daga Sifaniya, Taro daga Japan. Mutumin Arewa ya ga kansa a cikin wannan aji. Ya san ajin yaƙi da jahilci, ya san wahalar furta baƙon harshe a gaban mutane, kuma a daidai lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yaran da Turanci ke ba su wuya. NTA ma ta yi nata irinsa mai suna *Second Chance*.

*Doctor Who* ya fara a BBC ranar 23 ga Nuwamba 1963. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya da ke yawo cikin zamani da sararin samaniya a wani akwatin 'yan sanda shuɗi, wanda cikinsa ya fi wajensa girma. Yaran shekarun 1980 sun fi sanin Tom Baker mai dogon mayafin wuya, da abokan gabarsa Dalek masu muryar ƙarfe, waɗanda suka sa yara da yawa ɓuya bayan kujera.

*Mr. Bean* na Rowan Atkinson ya zo daga baya, daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 kacal. Shi ne ya fi kowanne shiga karkara, domin kusan ba ya magana, kuma ya zo daidai lokacin da kaset ɗin bidiyo da janareto suka bazu. Yana da kyau kuma a sani cewa ba duk wasan Turawa da aka kalla ne na Ingila ba. *Sanford and Son* da *Good Times* da *The Jeffersons* na Amurka ne, ko da yake a tunanin mutane duk sun cakuɗe.

Abin da ba mu lura da shi ba

Son abu bai hana a faɗi aibinsa. Barkwancin *Mind Your Language* an gina shi ne a kan cewa kowace ƙabila tana da hali guda da ba ya sauyawa, kuma Bature shi ne ma'aunin daidai. Wannan ne ya sa Michael Grade, ɗaya daga cikin shugabannin tashar da ke shirya shi, ya dakatar da shi a 1979 duk da yawan masu kallo. *Love Thy Neighbour*, wanda aka yi daga 1972 zuwa 1976 a kan wani Bature da maƙwabcinsa baƙar fata, cike yake da kalmomin cin mutunci da ba za a yarda a faɗa a talabijin ɗin Ingila yau ba.

Mu da muke da barkwancin taubashi da na ƙabilu mun ɗauki abin a matsayin wasa tsakanin tsara. Amma wasan taubashi yana da sharaɗi: kowa na da damar ramawa, kuma babu wanda ke sama da wani. Baƙin da ke zaune a Landan a shekarun 1970 ba su da wannan dama. Uban da zai nuna wa 'ya'yansa waɗannan wasanni a waya yau, ya dace ya yi musu wannan bayani.

Namu na gida

Kada kewa ta sa a ɗauka cewa na waje ne suka fi cika gida. Daren da za a nuna Samanja Mazan Fama, titi kan yi shiru. Usman Baba Pategi, wanda ke fitowa a matsayin Samanja, tsohon soja kuma ɗan sarautar Pategi, ya kawo rayuwar bariki da Hausarta da Turancinta na buroka cikin kowane gida. Garuruwan da ke da bariki irin Kontagora sun san kowane hali da yake kwaikwayo. Ƙasimu Yero ya yi Karambana, ya kuma fito a wasan Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta shirya daga littafin Alhaji Abubakar Imam. Wannan abin alfahari ne ga mutanen wannan yanki musamman, domin a Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, cikin Jihar Neja ta yau.

Daga Jos kuma aka sami *Cock Crow at Dawn* a farkon shekarun 1980, wasan da aka yi don jawo hankalin mutane su koma gona, inda Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus, Ƙasimu Yero kuma Kawu Gaga. Kano tana da Kuliya Manta Sabo, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a farkon shekarun 1980, wadda ta yaye 'yan wasa masu yawa. Daga Legas akwai *The Village Headmaster* da ya fara tun 1968. Waɗannan su ne suka share wa finafinan Hausa na bidiyo hanya, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990.

Me ya kawo ƙarshen zamanin?

Abubuwa uku ne suka haɗu. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sayen shiri da fam ɗin Ingila ya yi tsada. A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, gwamnati ta daina zama ita kaɗai ke da tasha. Sannan bidiyo da tauraron ɗan'adam suka ba kowa zaɓi. Talabijin ɗin Ingila bai bar mu ba, kama ya sauya. Gasar ƙwallon ƙafa ta Firimiya da aka fara a 1992 ita ce yau ke cika gidajen kallo daga Kontagora har ƙananan garuruwa, kuma har yanzu a cikin taro ake kallonta.

Abin da aka gano a Jos

Wani zai zaci BBC ta adana duk abin da ta taɓa yi. Ba haka ba ne. A shekarun 1960 da 1970 faifan ɗaukar shiri, mai faɗin inci biyu, yana da tsada ƙwarai, saboda haka in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma da zuwan kala aka ɗauka babu mai sake neman baƙi da fari. Sai a 1978 aka daina wannan ɓarna aka fara adanawa da gaske. Kafin nan an yi asara mai yawa. Daga cikin kashi 253 na *Doctor Who* da aka yi a shekaru shida na farko, fiye da ɗari sun ɓace.

Masoyan shirin ba su haƙura ba. Suka shiga bin takardun ciniki don gano inda kowane gwangwani ya ƙare. A watan Oktoba 2013, ana saura wata guda shirin ya cika shekara 50, BBC ta sanar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano gwangwanaye a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A ciki akwai kashi tara da aka yanke ƙauna da su: biyar na labarin *The Enemy of the World* da huɗu na *The Web of Fear*, dukansu daga 1967 zuwa 1968, lokacin da Patrick Troughton ke fitowa a matsayin Dakta. Adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97. Aka kai su Ingila, aka gyara, aka mayar da su na kwamfuta, aka sayar wa duniya.

Gwangwanayen sun tsira ne domin wani bai cika umarnin lalata su ba, wasu kuma da suka zo bayansa ba su zubar ba. Jos gari ne mai sanyi, kuma sanyi da bushewa su fim ke so. Amma sa'a kaɗai ba ta isa ba. Da babu mutanen da suka ɗauki abin da muhimmanci har suka kashe kuɗi da shekaru suna nema, da har yau suna can cikin ƙura.

Namu fa, ina suke?

Tashoshinmu ma sun yi irin abin da BBC ta yi, kuma sun daɗe suna yi bayan ita ta daina. Tsofaffin ma'aikatan talabijin sun sha kokawa cewa in kaset ya yi ƙaranci, tsohon wasa ake gogewa a ɗauki sabon shiri a kai. Waɗanda suka tsira daga gogewa suna fama da zafi da damshi da ƙura. Kaset na maƙalewa ya yi fumfuna. Fim in ya fara ruɓewa yakan yi wari mai tsami, ya motse, ya kuma harbi na kusa da shi. Na'urorin da ke kunna su ma suna ƙarewa. Kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, Funai na Japan, ya daina a 2016.

Duk da haka akwai hujjar cewa ana iya ceto. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi cikin tsofaffin gwangwanayen Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal da ke Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Hukumar tana da ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos. Kenan wurin kaiwa yana nan, kuma an ga cewa aikin yana yiwuwa.

Abin da ke cikin waɗannan faya-fayai ya wuce dariya. A ciki akwai yadda ake Hausa shekara hamsin da suka wuce, da suturar mutane, da fasalin kasuwanni da gidaje, da hawan salla, da waƙoƙin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, da wa'azin malamai, da jawaban sarakuna. Ɗalibin harshe ko na tarihi ba zai sami irin wannan a littafi ba.

Abin da kowa zai iya yi

In kana da tsofaffin kaset a gida, na biki ne ko na wasan da wani ya ɗauka daga talabijin, kada ka zubar, kada ka ƙona. Sau da yawa kwafin da wani ya ɗauka a gida shi kaɗai ya rage a duniya. Ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da rana da rufin kwano da lasifika, domin maganaɗisun lasifika na ɓata abin da ke kai. Wanda ka ga farar fumfuna a jikinsa kada ka saka shi a na'ura, zai iya tsinkewa ya kuma ɓata ta. Rubuta abin da ka sani a jikin kwalin: sunan shiri, shekara, da waɗanda ke ciki. In ka sami mai mayar da shi na kwamfuta, yi kwafi biyu ka ajiye a wurare daban, kuma ka riƙe na asalin.

Iyalan tsofaffin 'yan wasa da ma'aikatan tasha su binciki akwatunan da aka bari. Takardun wasa da hotuna da kaset ɗin sauti duk suna da daraja. Malaman Hausa da na aikin jarida a manyan makarantun Kontagora da Minna da Lapai za su iya tura ɗalibai su zauna da dattawa, su ɗauki bayanin wanda ya fara kawo akwati garinsu, da abin da ake kallo, da yadda ake fassarawa. Wayar hannu ta isa wannan aiki. Gwamnatocin jihohi da masarautu da attajirai kuma su tambayi tashoshin da ke yankinsu me ya rage a ma'ajiyarsu, su ɗauki nauyin lissafa shi da kwafe shi. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da irin wannan gado, rana ce da ta dace a riƙa yin wannan tambaya a bainar jama'a.

Lokaci ne ke ƙure mana. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka riƙe musu kyamara, suka san wane kaset ne ke ɗauke da wane wasa, da yawansu sun tsufa, kuma bayanin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Duk mai irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, ya je ya gaishe shi a wannan mako, ya tambaye shi, ya ɗauki amsar.